Lambar da ke haske a jikin 'yar motar tsere: yadda ake haɗa ta, da abin da ya sa ta shafi masu gyaran waya a Katsina

Lambar nan da ke ci da jan haske a gefen 'yar motar da ba ta fi tafin hannu ba, gaskiya ce ko haɗin kwamfuta ne? In gaskiya ce, a ina take samun wuta tunda babu batir a cikinta? Kuma wa ke gaya mata cewa yanzu ita ce ta biyu, ba ta uku ba? Tambayoyin da ke tasowa ke nan duk lokacin da bidiyon irin waɗannan motoci ya faɗo a Facebook ko TikTok, har ya kai majalisun matasa da rumfunan gyaran waya na cikin birnin Katsina. Wasu su ce motar rimot ce kawai. Wasu su ce wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ba abin da ya haɗa mu da shi. Wasu kuma da sun ga ana tsere, ana nuna na ɗaya da na biyu, sai su yanke hukuncin cewa caca ce.

Abin gaskiya ne, mutane ne ke haɗa shi da hannunsu a kan tebur. Kunna lamba ba shi ne aikin ba, wannan ko ɗalibin sakandare zai iya. Wahalar tana wuri biyu: samar mata tsayayyiyar wuta a cikin motar da ke gudu tana karkarwa, da kuma sanar da ita lambar da za ta nuna. Ra'ayina shi ne, hannun da zai yi aikin nan akwai shi a Katsina tuntuni. Abin da ya rage shi ne lissafin da ke bayansa.

## Wace irin mota ce wannan?

Da Turanci ana kiran ta slot car. Ba motar rimot ba ce, domin ba ta da sitiyari kuma ba ta ɗauke da batir. Titin da take gudu a kai yana da tsagi a tsakiyar kowane layi. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe na roba da ke shiga tsagin, shi ke jan ta ta bi kwana. Dama da hagun tsagin an shimfiɗa siraran ƙarafa guda biyu masu ɗauke da wuta, motar kuma tana da kitsattsen zaren tagulla guda biyu da ke goga ƙarafan, suna ɗebo wutar zuwa injinta. Direba yana tsaye a gefe da abin riƙewa mai kunama. Ya matsa, mota ta ƙara gudu, ya saki, ta rage. In ya shiga kwana da ganganci harshen ya fita daga tsagi, mota ta wuntsila waje. Gwanintar duka tana cikin sanin lokacin matsawa da lokacin saki.

Wasan ya daɗe. Kamfanin Lionel na Amurka ya fitar da irinsa tun 1912. Scalextric ya bayyana a Ingila a 1957, Carrera kuma ya fito da nasa a Jamus a 1963. Girman da aka fi amfani da shi shi ne 1:32, wato an rage motar gaske sau 32. Motar tsere mai tsawon mita huɗu da rabi sai ta koma kamar santimita 14, nauyinta kuma yawanci bai kai giram 100 ba. Akwai 1:24 mai ɗan girma, akwai kuma waɗanda suka fi 1:32 ƙanƙanta. A riƙe wannan awo, domin shi ke iyakance duk abin da za a cusa a cikin motar.

## Bambancin analog da dijital, da dalilin da ya sa lamba ta zama dole

A tsohon tsari, na analog, layi ɗaya mota ɗaya. Kunamar hannunka tana ƙara ko rage ƙarfin wutar da ke cikin ƙarafan layinka ne kai tsaye. Ka saki kunama, wuta ta yanke, duk wani ƙwan fitila da ke jikin motar ya mutu. Ba a kuma buƙatar tambayar motar wa ce, tunda kowa ya san layinsa.

Wajen 2004 manyan kamfanonin suka shigo da tsarin dijital, Carrera kuma ya kawo samfurinsa na Digital 132 a 2007. A nan wuta tana nan cike a kan titi koyaushe, ko mota tana tsaye. Umarnin direba ana cusa shi ne a cikin wutar, a matsayin saƙonni masu saurin gaske, kowace mota kuma tana da 'yar dikoda a cikinta da ke tsamo saƙon da aka aiko da sunanta ta bar na saura. Da haka motoci shida ke iya gudu a kan layi biyu, suna sauya layi, suna tare wa juna hanya, suna shiga wurin gyara. Akwai ma tsarin oXigen na kamfanin Slot.it na Italiya, da ke aika umarni ta iska kuma yake ɗaukar motoci har 20.

A ƙarƙashin motar dijital ta Carrera ko Scalextric akwai wani ɗan ƙwai da ke fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. In ka haska shi da kyamarar waya sau da yawa za ka gan shi yana ƙyalli ruwan hoda. Da shi motar ke gaya wa mahaɗar titi ta buɗe mata ɗaya layin, da shi kuma take faɗin ko ita wace ce idan ta tsallake layin ƙarshe.

Abu biyu suka fito daga nan. Motoci shida a layi biyu, wasu ma launinsu ɗaya, ɗan kallo ba ya gane wa ke gaba, musamman idan na farko ya zagayo ya cimma na ƙarshe. Sannan tunda wuta ba ta yankewa, allon lamba zai iya ci gaba da haske ko mota ta tsaya. Buƙata ta samu, hanya ma ta samu.

## Lamba iri uku ce, mutane na haɗa su wuri ɗaya

Yawancin gardamar da ake yi a kan bidiyon nan daga nan take tasowa, domin kowa da lambar da yake nufi.

Ta farko ita ce lambar gasa, wadda ba ta canzawa. A tseren Le Mans na Faransa, wanda aka fara a 1923 kuma ake kwana ana yi har awa 24, lambobin gefen motoci suna haske da dare don a gane su. Kwaikwayon wannan shi ne mafi sauƙi: a haɗa sandunan da ake so su kama, a bar sauran a kashe. Babu ƙwaƙwalwa (ɗan guntun lantarki da ke sarrafa allon bisa umarnin da aka rubuta masa), babu rubuta umarni.

Ta biyu ita ce lambar da ke nuna direban da ke riƙe da motar, daga 1 zuwa 6. Tana canzawa ne kawai idan an sake ɗaura motar a kan wata kunama.

Ta uku, wadda ke ɗaukar hankali a bidiyo, ita ce lambar matsayi. Ita ma daga motocin gaske aka ɗauko ta: gasar IndyCar ta Amurka ta sa wa motocinta allunan LED a 2015, suna nuna matsayin kowace mota, har da daƙiƙun da ta ɓata a wurin gyara. Matsalar ita ce 'yar motar ba ta san matsayinta ba. Akwatin da ke kula da titi, ko kwamfutar da aka jona masa, shi ke ƙirga zagaye yana jera su. Dole a mayar wa motar da wannan labari. Ko dai a tsamo shi daga saƙonnin da ke bin ƙarafan titi (Carrera na sayar da hasumiyar nuna matsayi da ke karɓar bayaninta ta titin, don haka labarin yana nan ga wanda ya iya karantawa), ko kuma a aika shi ta iska da ɗan rediyo irin nRF24L01. A lura kuma: matsayin ba ya sauyawa a daidai lokacin da wata ta wuce wata a tsakiyar zagaye, sai sun tsallake inda idon ƙirga yake. Wanda ya ga mota ta wuce amma lambarta ta ɗan jinkirta, kada ya ce aikin bai yi kyau ba.

## Sanduna bakwai, da matsalar wuri

Allon kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne a jikin agogon lokutan salla na masallatai, da gaban dikoda, da sitabilaiza, da 'yar rediyon nan mai cin memori. Sanduna bakwai ne aka jera a siffar 8, kowace sanda ƙwan LED ce, ana kiran su da haruffa daga a zuwa g. Lamba 1 sanda biyu take kunnawa, 7 uku, 8 kuma duka bakwai. Ƙwayayen sun haɗa ƙafa ɗaya ta tarayya. A wani samfurin ƙafar tarayyar ta fosotib ce, a wani ta negetib. Wanda bai tantance wannan da mita ba kafin ya fara liƙi, zai yi aikin banza, ya zauna yana zargin allon alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai batun girma. Lambar da ta kai santimita 25 a motar gaske, in an raba da 32 ta koma ƙasa da milimita 8. Allunan da ake sayarwa a shirye ana auna su da inci: 0.56 shi ne aka fi samu, amma ya yi wa motar girma ƙwarai. Mai 0.36 ya kai milimita 9, mai 0.28 milimita 7, mai 0.2 kuma milimita 5. Biyun ƙarshe su ne suka dace. Amma ko su, kaurinsu na iya cin wurin da kujerar direba take, ga dogayen ƙafafu a baya.

Shi ya sa masu son aiki tsaf suke ƙera nasu. Suna zana siririn fanel a manhaja irin KiCad, wadda kyauta ce, su jera ƙwayayen LED masu lamba 0402 ko 0603. Na farkon tsawonsa milimita 1 ne, faɗinsa rabin milimita. Na biyun 1.6 da 0.8. In ka yi atishawa kusa da shi ya tafi ke nan. Ɗaukar irin wannan da hantsaki, a ɗora shi daidai, a taɓa shi da dalma ba tare da ya narke ko ya karkace ba, shi ne abin da ke kayar da yawancin masu wannan sha'awa a Turai. Shi ne kuma abin da yaron shago a Katsina ke yi kullum idan yana canza aisin caji (ɗan guntun lantarkin da ke kula da caji) ko yana jan wayar jamfa mai kaurin gashi a ƙarƙashin madubi. Wannan ne ya sa na ce hannun yana nan.

Ƙwai tsirara ba ya ba da lamba mai kyau, sai ɗigo-ɗigon haske masu kashe ido. Ana buƙatar baƙin shinge tsakanin sanda da sanda don kada hasken wannan ya malala cikin waccan, sannan a rufe da abin da zai baje hasken. A nan ma shagon gyara ya fi kowa arziki. Ɓare mataccen sikirin na tsohuwar waya mai fitila a baya, za ka tarar da siraran fararen ledoji a jere, aikinsu ke nan, baje haske. A yanko ɗan ƙarami, a ɗora masa guntun tintin gilashin mota a sama, sai sandunan da ke kashe su ɓace, masu ci su fito ɓaro-ɓaro.

Akwai hanya ta uku: ƙaramin allon OLED mai inci 0.42, da ɗigo 72 a kwance 40 a tsaye, wanda waya huɗu kawai yake buƙata kuma yana rubuta duk abin da aka ga dama. Sai dai gilashi ne, motar kuma aikinta faɗuwa. Haskensa ma bai kai na LED ba daga nesa. Ni dai ba zan sa shi a motar da za ta yi tsere da gaske ba.

## Wuta: inda yawancin aikin ke lalacewa

Titin Carrera Digital 132 yana aiki da bolt 14.8, na Digital 124 kuma 18. Jan ƙwan LED kusan bolt 2 yake so, fari da shuɗi kusan 3, ƙwaƙwalwar da za ta sarrafa su kuma 5 ko 3.3. Ka jona kai tsaye, ka ga hayaƙi. Don haka akwai matakai tsakanin zaren tagulla da allon, kuma kowanne da dalilinsa.

Matakin farko diyod ne, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya. A titin dijital na Scalextric wutar tana jujjuya fuska ne, ta haka ake aika saƙon, don haka sai an sa gadar diyod huɗu ta daidaita ta. A na Carrera saƙon yana zuwa ne ta ɗan yanke wutar na ƙiftawar ido. A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Mutum ya ga lambarsa tana ƙyaftawa, sai ya ɗauko babbar kafasita, mai tara wuta ta sake ta idan an yanke, ya jona ta kai tsaye a kan zaren tagulla. Ƙyaftawar ta tsaya, amma kafasitar ta cike gurbin yankewar da ke ɗauke da saƙon, sai motoci su fara ƙin jin umarni, har da na mutanen da ba su taɓa komai ba. Kafasita tana zama ne a bayan diyod, inda za ta ciyar da allon kaɗai ba ta mayar da wuta kan titi ba.

Ita kafasitar dole ce. Zaren tagulla ba ya manne da ƙarfe koyaushe: yana tsalle a mahaɗar gutsattsarin titi, yana ratsa wurin sauya layi inda akwai ɗan gurbin da babu wuta, yana hawa ƙura. Ga lissafin. Allon da ke jan miliamfiya 30, da kafasita mai maikrofarad 470, idan wuta ta yanke na kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa, ƙarfin da ke cikinta zai sauka da kusan bolt 1.3 ne kawai. Tunda regileta (mai rage wuta ta tsayar da ita) irin 78L05 tana buƙatar wajen bolt 7 kafin ta ba da 5, akwai rarar da za ta riƙe allon kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ya wadatar. A zaɓi mai jure bolt 25, kuma a kula da ƙafafunta, domin in aka juya ta fashewa take yi.

Sai resista, mai taƙaita wutar da ke shiga ƙwai. Kowace sanda tana buƙatar tata. Daga bolt 5 a cire 2 na ƙwan, saura 3. In ana son miliamfiya 5, a raba 3 da 0.005, a samu om 600, sai a ɗauki 680 da ake samu a kasuwa. Masu ganda sukan sa resista guda a ƙafar tarayya. Sakamakon shi ne 1 ta yi haske ƙwal, 8 ta dushe, domin sanda bakwai ke rabon abin da sanda biyu suka ci.

Yanzu a tara. Lamba biyu a dama, biyu a hagu, sanduna 28 ke nan. In duka suna ci a miliamfiya 5, an kai 140, alhali iyakar 78L05 100 ce. Kuma irin wannan regileta ragowar wutar zafi take mayar da ita: kusan bolt 10 da ta rage, a ninka da miliamfiya 140 ɗin, ya haura wat ɗaya, a cikin rufaffiyar roba, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Jikin motar zai lanƙwashe. Mafita ita ce a rage abin da kowace sanda ke ja, tunda ƙwayayen yanzu suna haske sosai ko a miliamfiya 1 ko 2, ko a yi amfani da ƙaramin mai rage wuta irin wanda ke cikin cajar mota, wanda ba ya ƙona ragowar. Ko kuma a yi dabarar da ke tafe.

## Ƙwaƙwalwa mai ƙafa kaɗan, ƙwayaye masu yawa

ATtiny85 ƙwaƙwalwa ce mai ƙafa takwas, amma biyar ne kawai ke saura don aiki idan an cire na wuta da ta sake tayarwa. ATtiny84 tana da 14. Dukansu ana iya rubuta musu umarni da manhajar Arduino. To yaya ƙafa kaɗan za ta kula da sanduna 14 ko 28?

Ba a kunna su lokaci ɗaya. Ana kunna lambar farko, a kashe, a kunna ta biyu, a kashe, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kamar yaro ne ya ɗauki bakin wuta da dare yana juyawa, kai kuma kana ganin cikakkiyar da'ira alhali wuri ɗaya ne ke ci. Da wannan an rage wayoyi, an kuma rage wutar da ake ja, tunda lamba ɗaya ce ke ci a kowane lokaci. Sai dai a abu mai gudu dole saurin ya fi na agogon bango. Sau 60 a daƙiƙa na iya isar allon da ke tsaye, amma a motar da ke wucewa fuu ido zai ga lambar a tsattsage, kyamarar waya kuma ta ƙara tona asiri. Wanda ƙafafu suka yi masa kaɗan yana iya ƙara aisi irin 74HC595, mai karɓar waya uku ya ba da takwas.

Injin motar ma maƙiyi ne. Tartsatsin da ke cikinsa yana watsa hayaniya a cikin wayoyi, ƙwaƙwalwa ta rikice ta sake tashi, ko ta nuna 9 a madadin 2. Ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafafun wutar ƙwaƙwalwar, da nisanta wayoyin allon daga na inji, suna kashe yawancin matsalar.

## Nauyi, ƙura da gam

A motar da ba ta kai giram 100 ba, giram biyar a sama kusa da rufi yana sa ta saurin kifewa a kwana. Allon kaɗai ke hawa sama, regileta da kafasita a kwantar da su a ƙasan shasi, a haɗa da ɗan soket don a iya cire jikin motar ba tare da tsinka waya ba.

Yanayinmu kuma yana da nasa sharuɗɗan. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ƙarafan titi cikin yini ɗaya, sai lamba ta yi ta ƙyafci, mutum ya zaci liƙinsa ne ya saki. A goge titi tukuna kafin a buɗe mota. Bushewar iskar lokacin tana tara wa jiki wutar nan da ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙarfe, ita kuma tana kashe aisi shiru, don haka a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki ƙwaƙwalwa. Gam ɗin kyandir yana laushi da zafi. Sufa gulu kuma tururinsa yana bar wa gilashin roba farin tabo da ba ya fita. Siririn tef mai manne fuska biyu, irin na sikirin ɗin waya, ya fi su duka.

## Masu suka da masu goyon baya

Iyaye da ke cewa ɓarnar kuɗi ce suna da hujja. Duk kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayen su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 komai ya ninka. Ga shi tsare-tsaren ba sa jituwa: motar dijital ta Carrera ba ta jin umarnin titin Scalextric sai an canza mata dikoda. Wanda ya saya a makance zai tara kayan da ba sa aiki tare. Ban kuma yarda da masu cewa sana'a ce da za ta ciyar da gida a Katsina ba. Kasuwar motocin babu ita a nan.

Maganar caca kuwa, tsere shi kaɗai gwajin gwaninta ne. Caca tana shigowa ne idan aka sa kuɗi a kan wanda zai ci, kuma wannan ana yin sa ko a kan ƙwallo. Duk mai shirya irin wannan wasa ga yara ya rufe wannan ƙofa tun ranar farko.

Su kansu masu wasan a ƙasashen waje ba bakinsu ɗaya ba. Masu son kwaikwayon tarihi suna ganin allon LED a jikin motar shekarun 1960 ɓata ta ne. Masu neman gudu suna ƙin duk wani ƙarin nauyi. Masu shirya dogon tsere da 'yan kallo su ne ke son sa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta koyo. Aiki ɗaya ɗan ƙarami ya tattara rage wuta, lissafin resista, zanen fanel, rubuta umarni da karanta saƙo, kuma sakamakonsa a bayyane yake: ko ya kama ko bai kama ba. Yawancin masu gyaranmu sun ƙware a cire wannan a sa wancan, amma ba a koya musu dalilin da ya sa aka sa shi a wurin ba. Ɗaliban injiniyan lantarki a Kwalejin Hassan Usman Katsina ko ta tarayya da ke Daura kuma sukan san lissafin, hannunsu ne bai faɗa ba. In aka zaunar da su a tebur ɗaya, kowa zai tashi da abin da bai zo da shi ba. Kuma allon da ya yi aiki a cikin mota, shi ne zai yi a agogon masallaci, da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, da mitar batirin sola, da allon kiran layi a asibiti. Waɗannan kam akwai masu saye.

## Daga ina mai sha'awa zai fara?

Ba sai ya mallaki titi ba. Ya nemi matacciyar dikoda ko rediyo a wurin 'yan gwangwan, ya ciro allon, ya gano ƙafafunsa da mita, ya kunna lamba ɗaya tsayayya da cajar waya da resistoci. In ta zauna, ya kawo ƙwaƙwalwa ya sa ta ƙirga daga 0 zuwa 9, sannan lamba biyu. Bayan nan ya gwada ta da wutar bolt 12 yana taɓawa yana ɗagawa da gangan, har sai ta daina ƙyaftawa. Abin da ba a samu a babbar kasuwar Katsina ba, a kan same shi a Sabon Garin Kano, ko a yi odarsa ta intanet. Titin analog kuwa kafinta zai iya fere tsaginsa a jikin falanki, a shimfiɗa tef ɗin tagulla a gefe da gefe. Lambar matsayi ita ce ta ƙarshe, kada a fara da ita.

Kada a kusanci wutar gida mai bolt 230 da wannan aiki. Cajar laftof mai bolt 19 ta yi wa titin 14.8 yawa. Mai amfani da batirin sola ya sa fis, domin kusa ɗaya da ta faɗo ta haɗa ƙarafan biyu ta isa ta narka wayoyi. Dalmar liƙi kuma yawancinta akwai gubar nan a ciki, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. A yi liƙi a wurin da iska ke shiga, kada a riƙe wayar dalma da haƙori kamar yadda wasu yaran shago ke yi, a wanke hannu kafin a ci abinci, a kuma share gutsattsarinta daga inda ƙananan yara ke rarrafe.